Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan UNESCO Kan Fagagen Yaƙe-yaƙen Tarihi

Mai girma Babban Darakta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wani nau'in kayan tarihi da ba shi da katanga ko rufi, wanda mutum zai iya ratsawa da ƙafa bai san ya taka komai ba, wato fagagen da aka gwabza manyan yaƙe-yaƙe. Roƙona shi ne hukumarku ta taimaka wa ƙasashe su ƙidaya waɗannan filaye, su jera su bisa girman haɗarin da ke kan kowanne, domin kuɗin da ake warewa ba za su taɓa wadatar da dukkansu ba, kuma a yanzu filin da ya riga ya yi suna shi ke kwashe kulawa, alhali sunan nasa kaɗai ya isa ya ba shi kariya.

Ranka ya daɗe, a fagen fama ƙasar kanta ce shaida. Duk wanda ya karanta labarin Uhudu na shekara ta 3 bayan Hijira ya san maharba hamsin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya girke a kan ɗan tsauni, da yadda mahaya dawakin Makka suka zagayo bayan yawancin maharban sun sauko. Amma wanda ya tsaya a wurin, ya ga tsaunin da tazarar da ke tsakaninsa da babban dutsen, nan take yake gane dalilin umarnin kada su gusa. Idan aka baje tudu ko aka cike kwari, wannan ganewa ta tafi, ko da an kafa allon bayani a wurin. Wani lokaci ma masu son girmama fili su ne ke ɓata shi: a Waterloo ta ƙasar Beljiyam, inda aka karya Napoleon a 1815, an kankare ƙasar tudun da sojojin Wellington, kwamandan Ingila, suka tsaya a kai aka tara tsibin tunawa mai tsayin kimanin mita 40, wanda aka kammala a 1826, kuma tun daga lokacin fuskar wannan ɓangare na filin ta sauya.

Kafin a kai ga kariya, sai an san inda filin yake. A Ingila an buɗe cibiyar baƙi ta yaƙin Bosworth na 1485, wanda Sarki Richard na Uku ya mutu a cikinsa, a kan tudun Ambion a 1974. Sai da masu binciken tarihin ƙarƙashin ƙasa suka yi shekaru suna aiki, suka tono harsasan igwa na dalma fiye da 30 da wata alamar azurfa mai siffar gursunu, tambarin sarkin, sannan aka bayyana a 2010 cewa ainihin fagen yana kimanin kilomita 3 daga inda ake nuna wa maziyarta. Shekara 8 bayan haka, ƙaramar hukumar yankin ta amince a gina hanyar gwajin motoci marasa direba a wani gefe na filin. Wannan ya faru ne a ƙasar da take da rajistar fagagen yaƙi tun 1995, to ina ga ƙasashen da ba su taɓa rubuta ko da jerin sunayen nasu ba?

Akwai tsarin da ya cancanci koyi. A 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa kwamiti kan wuraren yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865. Kwamitin ya duba arangama kimanin 10,500, ya tsamo 384 a matsayin manya, sannan a rahotonsa na 1993 ya auna kowanne da muhimmancinsa ga yadda yaƙin ya kaya, da yawan abin da ya rage na asalin filin, da kusancin barazanar gine-gine. Daga nan ya fitar da 50 da ya ce su ne na gaggawa. Abin da ya burge ni a aikin shi ne ƙarfin halin faɗin cewa wasu filayen sun riga sun salwanta, a bar su da alama, a kai kuɗin inda har yanzu za a iya ceto. Faɗin haka yana da zafi ga mutanen da kakanninsu ke kwance a wurin, amma ƙin faɗinsa shi ke sa a raba ɗan abin da ake da shi har ya kasa amfanar kowa.

Sai dai ina roƙon a ƙara ma'auni guda da ake yawan mantawa, wato ɓangaren mayaƙan da ba a tuna da shi ba. A Isandlwana ta Afirka ta Kudu, inda Zulu suka karya rundunar Ingila ranar 22 ga Janairu 1879, tarin duwatsu masu farin fenti sun daɗe suna nuna kaburburan sojojin Ingila, amma sai a 1999 aka kafa abin tunawa da mayaƙan Zulu. A Karari, arewa da Omdurman, Sudanawa kimanin 10,000 suka faɗi cikin safiya ɗaya a yaƙi da rundunar Ingila da Masar a 1898, birni yana ta matsowa wurin, ga kuma yaƙin da ƙasar ta faɗa tun Afrilun 2023. A Burmi aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ɗaruruwan mabiyansa a 1903. Rahoton irin waɗannan yaƙe-yaƙe galibi ɓangare ɗaya ne ya rubuta shi, ɗaya ɓangaren kuwa shaidarsa tana cikin ƙasa da bakin dattawa, kuma dukansu biyu suna ƙarewa. A ganina filin da shi ne kaɗai hujjar da ta rage wa waɗanda ba su rubuta ba ya cancanci a ɗaga shi sama a jeri.

Na san hukumarku ta daɗe tana taka-tsantsan da wuraren rikici, don gudun kada jerin kayan tarihi na duniya ya zama dandalin alfahari da nasara, har sai a 2023 a Riyad aka shigar da maƙabartu da wuraren tunawa 139 na Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa da Beljiyam. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba na neman a cika jerin da fagagen fama. Abin da nake nema bai kai haka tsada ba: ƙa'ida ɗaya mai sauƙi da kowace ƙasa za ta iya bi wajen tantance filayenta, horar da ma'aikatan gidajen tarihi kan auna iyakokin fili da naɗar bayanan tsofaffi, da shawara ga gwamnatoci cewa a duba rajistar kafin a ba da izinin titi, haƙar ma'adinai ko rukunin gidaje. A kuma hana masu na'urar gano ƙarfe kwashe harsasai da kan mashi, domin amfanin harsashi ga mai bincike yana ga sanin daidai inda ya faɗi.

Yawancin waɗannan filaye gonaki ne ko makiyaya, kuma noma da kiwo sun riƙe siffarsu tsawon ƙarnuka, don haka babu buƙatar a kori kowa. Yarjejeniya da masu ƙasa kan kada a baje ko a yi gini ta wadatar a wurare da dama. Ina fata za ku gabatar da wannan batu a zaman Kwamitin Kayan Tarihi na Duniya mai zuwa, ku nemi kowace ƙasa ta kawo jerin farko na filayenta mafi shiga haɗari.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar tarihi