Roka ba ta fakin a gefen hanya

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in amsa wa masu dariya a Facebook duk sanda rokar gwaji ta kamfanin SpaceX ta tarwatse, suna cewa ai Toyota ba ta lalata motocinta kafin ta sayar. Tana lalatawa mana, da gangan ake gwara su da bango. Amma ba nan gizo ke saƙar ba.

Ni makanike ne a Gusau. In na ɗaura inji, sai in hau titin Talata Mafara ina saurare. Da na ji baƙuwar ƙara sai in yi fakin, in ɗaga bonet, in ɗaure abin da ya kwance. Kamfanonin mota ma haka suke, da motocin gwaji rututu, kuma ko bayan an sayar sukan ce a dawo da mota su canza mata wani abu.

Roka kuwa in ta tashi ta tashi. Sai ta kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa kafin ta iya kewaya duniya, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na nauyinta mai ne da oksijin. Mu in muna shakkar ƙarfe sai mu ƙara walda. Su duk kilon da suka ƙara wa jikinta, kayan da za ta ɗauka ne suka rage. Ana ɗaure injinta a ƙasa a kunna, amma rabuwar sassanta can inda babu iska, sai an harba ake sanin gaskiyarta. Falcon 1, rokar farko ta SpaceX, ta faɗi sau uku tsakanin 2006 da 2008. A na ukun, sashen ƙasa ya rabu lafiya, sai ragowar ƙarfin injinsa ya tura shi ya bugi na sama. Suka ƙara 'yan daƙiƙu kafin rabuwar, a harbi na huɗu a watan Satumba na 2008 ta isa ta fara kewaya duniya.

Inda ba na yi musu uzuri shi ne in da mutane a ciki. Kumbon Challenger na Amurka ya hallaka mutum bakwai a 1986 saboda zoben roba, irin wanda mu ke kira sil, da sanyi ya sandarar. Injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren jajibiri, manya suka ce a tashi.

Naka,
Wani makanike daga Gusau, Jihar Zamfara