Wasiƙa zuwa ga Habibu kan katin Wi-Fi

Assalamu alaikum Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Damagaram, yaya zafi? Saƙonka ya iso, na ji kukanka cewa tun da ka ɗora Ubuntu, wato wani nau'in tsarin Linux, a kwamfutar nan taka ta hannu, Wi-Fi ya ƙi tashi sai ka jona waya da kebul.

Kada ka kashe ko sisi tukuna. Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lspci -nnk, ka nemo layin katin sadarwa. In ka ga Broadcom, to ga mai laifin nan. Da yawa daga cikin katunansu sai da rufaffen direba na kamfanin suke aiki, wato manhajar da ke sarrafa katin, kuma yakan wargaje duk lokacin da aka sabunta kernel, zuciyar tsarin Linux. Ni dai ba na ɓata lokaci a kansa, canza katin ya fi sauƙi.

Shawarata ita ce Intel AX200. Ba shi da tsada, kuma direbansa, iwlwifi, yana cikin Linux tun kernel 5.1 na shekarar 2019. Sa shi kawai za ka yi, ka kunna, ya kama, har da Bluetooth. Amma ka yi hattara da ɗan'uwansa AX201. Kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara, sai dai shi rabin aikinsa yana cikin furosesa ne, ba ya tashi sai a kan wasu sababbin Intel. Mai shago zai rantse maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Kafin ka aika a sayo, kwance murfin bayan kwamfutar ka ga ramin da idonka. AX200 na ramin M.2 ne, siriri. Tsofaffin kwamfutoci kuwa mini PCIe gare su, kuma ko kawunan wayoyin eriya nasu sun fi girma, ba za su zauna a sabon kati ba. In irin wannan ce taka, nemi Intel 7260 na wannan ramin, ko Atheros AR9285. Atheros ɗin ba shi da gudu, 2.4 GHz kaɗai yake kamawa, amma ba ya ba mutum ciwon kai. Sannan in tsohuwar ThinkPad ce, BIOS ɗinta, manhajar da ke fara tayar da kwamfutar, na iya ƙin duk katin da ba na Lenovo mai ƙera ta ba, ta nuna maka lamba 1802 ta tsaya cik. A nan sai ka nemi wanda aka ciro daga irinta.

Na USB ma yana fitar da mutum kunya, sai dai sunan da ke jikin kwali ba ya gaya maka abin da ke ciki. TP-Link TL-WN722N fitowar farko Atheros ne a cikinsa, na biyu da na uku Realtek ne, kuma su suka fi yawa a kasuwa yanzu.

Turo min hoton abin da taminal ta nuna da na ramin. In ya dace, zan leƙa titin Beirut da ke Kano in sayo, in ba direban mota ya kawo maka.

Ka gaishe min da Hajiya da yara.

Naka,
Sani