Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya Na Jihar Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan matasan likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji da ke sha'awar bincike a kan ƙanjamau da sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, amma ba su sami wanda zai kama hannunsu ba. Na daɗe ina aikin gwajin jini a jihar nan, kuma na ga da yawa daga cikinsu sun fara da zafinsu, daga baya gwiwarsu ta yi sanyi.

Babban binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Adadin ya yi amfani, sai dai ba zai gaya mana abin da ke sa mace a Dukku ta daina zuwa karɓar magani bayan ta haihu ba, ko dalilin da ke sa magidanci a Billiri ya gwammace ya raɗa wa mai kemis matsalarsa maimakon ya je asibiti. Batun ciwon sanyi da tunjere ya ma fi tayar mini da hankali. A ƙananan asibitoci, sau da yawa bisa alamomin da majiyyaci ya faɗa ake ba da magani ba tare da gwaji ba, alhali ƙwayar ciwon sanyi tana ta bijire wa magunguna a duniya, tunjere kuwa yana iya kashe ɗa a cikin uwarsa, abin da allurar fenisilin za ta hana idan an gano da wuri. Ita kanta kalmar "sanyi" a bakin mutanenmu ta tattara cututtuka iri-iri, kuma sai wanda ya tashi a cikinmu, yake jin Hausa ko Fulatanci ko Tangale ko Tera, ya san kunya da kawaici, zai iya tambaya har a ba shi amsa ta gaskiya.

A Janairun 2025, da Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, mun ga hatsarin jingina wannan aiki ga kuɗin wasu. Jihar da ta yi suna wajen binciken maganin dafin maciji a Kaltungo ba za ta rasa ƙwararrun da za su koyar ba.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta ware ɗan kuɗi kowace shekara domin matasa ƙalilan, a haɗa kowannensu da babban malami daga Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Jami'ar Jihar Gombe, a kuma rage masa aikin dare, domin wanda ya kwana a kan majiyyata ba zai iya zama ya tantance alƙaluma da safe ba. A koya musu tsara tambaya da lissafi da rubuta sakamako, a kuma tsananta a kan riƙe sirri, tunda dokar 2014 da ta haramta nuna wa masu ƙanjamau wariya ba ta kawar da tsangwama daga unguwanninmu ba. Ina kuma roƙon a buɗe musu rajistocin asibitocin ƙananan hukumomi 11 bayan an cire sunaye, sannan a riƙa gayyatarsu su gabatar da abin da suka gano kafin a tsara kasafin lafiya.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaji, Gombe.