A Rubuta Tarihin Jibiya Tun Masu Ba Da Shi Suna Raye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan garinmu Jibiya da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, wanda a 'yan shekarun nan ba a cika jin sunansa a labarai ba sai idan an rufe iyaka ko 'yan bindiga sun kai hari. Ni haifaffen garin ne, amma aiki ya zaunar da ni a Zariya fiye da shekara talatin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rasuwar baffana a watan jiya, tsohon direban babbar mota wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Ranar sadakar uku muna zaune a zaure, wani jikansa ya tambaye ni ko da gaske ne a da motoci suna sauya hannu a bakin iyaka, sai na buɗe baki zan ce a tambayi Baffa, sannan na tuna shi muka taru muna yi wa addu'a.

Da gaske ne. Har zuwa watan Afrilun 1972, Najeriya ta hannun hagu take tuƙi irin na Ingila, Nijar kuwa ta dama irin na Faransa, saboda haka direban da ya wuce Magama ya nufi Ɗan Isa ta Nijar dole ne ya koma ɗaya gefen titi. Baffa yakan ce ba a kan iyakar ake jin tsoro ba, sai an yi nisa, direba ya saki jiki, hannu ya koma inda ya saba.

Ita kanta iyakar Turawa ne suka shata ta a takarda, cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan wakilansu suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamomi tun daga kogin Kwara har Tafkin Chadi. Amma ban yarda da masu cewa kafin zuwansu babu wata baraka a wurin ba. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su ne suka kafa daular Maraɗi, har yau kuma sarkin can Sarkin Katsina ake kiran sa, kuma dajin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya daɗe yana fagen hari da ramuwar gayya. Auratayya da cin kasuwa ne suka ɗinke abin a hankali, har ta kai ga kakata idan za ta biki wajen ƙanwarta sai ta ce za ta Faransa, wato Nijar, ta ɗaura ƙullin kayanta ta kama hanya, ba fasfo ba takarda.

Shekarar da ta fi zama a bakin dattawanmu ita ce 1984. A watan Afrilu gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki a canza tsofaffin, ta kuma rufe iyakoki domin kada kuɗin da ke waje su shigo. 'Yan kasuwar Maraɗi da yawa da naira suke ajiya, don haka 'yan canji da 'yan fito suka yi ta bin ɓarauniyar hanya cikin dare da kuɗi a ɗamara, wasu suka tsira da nasu, wasu kuma dukiyarsu ta koma takardar banza. A daminar wannan shekara ruwa ya ɗauke, hatsin da aka saba kaiwa arewa ya tsaya, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Ina ɗan saurayi a lokacin, kuma ina tuna mata suna isowa gidanmu da asuba, ƙafafunsu furu-furu da ƙura, mahaifiyata tana auna masu gero tiya biyu ko uku, su raba a ƙananan ƙulli yadda ba zai ja ido ba. Ba a buɗe iyakar ba sai a 1986. Shi ya sa da aka sake rufe ta a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, tsofaffi ba su yi mamaki ba, yara ne kawai suka ɗauka sabon abu ne.

Akwai batun da wasu ba sa so a taɓa, wato fasa-ƙwauri. Ra'ayina shi ne a rubuta shi yadda yake, domin gyaɗar da take tsallakawa duk ɓangaren da ya fi tsada, da man fetur da yake fita, da atamfa da taba da shinkafa da suke shigowa, su ne suka gina gidaje da yawa, suka kuma rusa wasu. Haka nan ya kamata a tambayi waɗanda madatsar ruwan Jibiya ta cinye gonakinsu ina suka koma, da abin da ya sauya bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987.

Abin takaici, idan aka ce za a rubuta tarihin gari sai a jero sunayen hakimai da shekarun sarautarsu, a rufe littafi. Takardun Gidan Adana Tarihi na Kaduna kuma Turawan mulki ne suka rubuta yawancinsu, hankalinsu yana kan haraji da jangali, na ɓangaren Nijar kuwa da Faransanci suke. Direba da mai tuwo a tasha da dillalin shanu da ɗan canji babu wanda ya nemi jin ta bakinsu. Nan Zariya muna da Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, inda marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya nuna abin da ake samu idan aka durƙusa gaban dattawa aka saurara, sai dai bincikensa a kan Katsina a ƙarni na 19 ya tsaya. Ina roƙon malaman sashen su tura ɗalibai Jibiya da Magama, su tsallaka har Ɗan Isa idan hali ya yi, tun kafin layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya iso ya sake wa garin kama. Kai kuma, Malam Edita, ko da rabin shafi ne a wata, ka ware wa irin wannan hira, kuma a haɗa da sauran garuruwan iyaka irin su Illela da Maigatari da Kamba.

A wurina akwai hira uku da na ɗauka da Baffa a waya shekara biyu da suka wuce, da lasisinsa na tuƙi tun zamanin fam da sule. Duk ɗalibin da ya shirya yin aikin, zan ba shi ta hannun ofishinka.

Naka,
Wani ɗan Jibiya mazaunin Samaru, Zariya.