Michael Jackson: Sakacin Da Ya Kashe Sarkin Waƙa

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini. Duk ranar 25 ga Yuni, ranar da ya rasu, masoyan Michael Jackson kan yi ta yaɗa hotunansa da bidiyon rawar nan tasa ta ja da baya, wadda ya shahara da ita tun 1983. Kewarsa ta cancanta, domin yaron da ya taso a garin Gary na jihar Indiana, ya fitar da kundin Thriller a 1982, ya sa duniya rawa har ya rasu a 2009 yana da shekara 50, ba a cika samun irinsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake juyayin ba tare da an dubi abin da ya kashe shi ba.

Yana shirin wasanni 50 ne a zauren O2 na Landan, rashin barci ya addabe shi. Likitansa, Conrad Murray, wanda aka yi yarjejeniyar biyansa dala 150,000 a wata, ya riƙa yi masa allurar propofol a ɗakin kwanansa a Los Angeles. Wannan magani na ɗakin tiyata ne. Sumar da mutum yake yi, jiki kuma ba ya samun hutun barci na gaskiya, shi ya sa gajiyar ba ta tafiya. Babban haɗarinsa shi ne yana rage numfashi da bugun jini cikin ɗan lokaci kaɗan. Saboda haka a asibiti sai ƙwararren likitan sa barci ya tsaya a kan mara lafiya ba ya ɗaga ido, ga na'urar auna iskar oksijin mai ƙara idan ta yi ƙasa, ga famfon da ke ƙayyade yawan maganin da ke shiga jijiya, ga kayan buɗe maƙogwaro da hura iska a kusa.

Bisa abin da Murray ya shaida wa 'yan sanda, ya ba shi magungunan kwantar da hankali da sa barci: Valium miligram 10 da ƙarfe 1:30 na dare, lorazepam miligram 2 da ƙarfe 2, midazolam miligram 2 da ƙarfe 3, ya sake maimaita biyun ƙarshe daga baya, sannan propofol miligram 25 wajen ƙarfe 10:40 na safe. Masana sun faɗa wa kotu cewa abin da ya shiga jikinsa ya fi haka. Ko ma dai yaya, waɗannan magunguna duk numfashi suke dannewa, idan aka haɗa su kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. A haka likitan ya fita daga ɗakin.

Da ya dawo ya tarar ba ya numfashi, sai kuskure ya bi kuskure. Ya fara danna masa ƙirji a kan gado, alhali katifa na shanye ƙarfin dannawar. A ƙasa mai tauri ake yi. Ba a kira motar agaji ba sai ƙarfe 12:21 na rana, kuma bai faɗa wa ma'aikatan agajin cewa ya ba shi propofol ba. Ƙwaƙwalwa kuwa mintuna kaɗan take jurewa babu iska. Da ƙarfe 2:26 na rana aka tabbatar da rasuwarsa a asibitin jami'ar UCLA da ke Los Angeles.

A Nuwamban 2011 kotu ta sami Murray da laifin kisa ba da gangan ba, ta yanke masa shekara 4, ya fito bayan kusan 2. A ganina hukuncin bai kai girman asarar ba. Likitan da albashinsa ya rataya a kan yardar mutum ɗaya da wuya ya iya ce masa a'a, kuma a nan ne matsalar ta faro.

Ina kira ga masu rubuta ta'aziyyar mawaƙa a shafukanku su riƙa bayyana irin wannan dalla-dalla, musamman haɗarin haɗa magungunan barci ba da kulawar asibiti ba.

Naka,
Wani mai karatu