Zuwa ga abokan cinikinmu: batun lambar kira ta rediyo

Assalamu alaikum, Alhazai, direbobi da ma'aikatan ƙungiyoyi masu kawo mana rediyon magana a nan Tawa.

Daga yau, duk wanda ya kawo rediyo mai aika magana, musamman na dogon zango da ake ɗaurawa a mota, sai ya zo da takardar izininsa ta ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, kafin mu saita masa. Mun san wasu za su ga mun tsananta. Ku yi haƙuri ku ji dalili.

Rediyon hannu na biyu yakan zo da lambar kiran tsohon mai shi a manne, wato haruffa da lambobin da ake gane mai magana da su, sai mai saye ya ɗauka har da ita ya saya. Ba haka ba ne. Haruffan farko na lambar kira na ƙasa ne, kuma Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Janeba ce ke raba su. A zamanin Faransa, masu rediyon sha'awa a yankinmu FF8 suke kira, lamba ɗaya daga Dakar har Yamai. Da Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, aka ba ta 5U, wadda kuke gani a jikin jiragen samanmu. Nijeriya kuwa ta bar ZD2 ta koma 5N.

Hong Kong, inda kaya da yawa ke biyowa, ta fi nuna yadda abin yake da nauyi. Masu rediyon can VS6 suke amfani da ita a ƙarƙashin Birtaniya. Da yake za a miƙa yankin ga ƙasar Sin ranar 1 ga Yuli 1997, suka koma VR2, jerin VR ɗin ma ya bar hannun Birtaniya ya koma na Sin. Jiragen samansu kuma suka sauya daga VR-H zuwa B-H. Gwamnatoci ne suka zauna a kan haruffa biyu, to ina ga mu?

Abin da ya fi damunmu shi ne lafiyarku. Mota ta lalace tsakanin Abalak da Agadas, kun yi kira da lambar wata ƙasa, wa zai san ku waye, balle ya kawo ɗauki? Ga kuma halin tsaro, jami'ai ba sa wasa da muryar da ba su san mai ita ba.

Wanda bai da takarda ya zo, mu nuna masa yadda ake nema, ba ko dala. Gyaran rediyon sauraren labarai kuwa yana nan yadda kuka saba.

Allah ya kiyaye hanya.

Naku, masu shagon gyaran rediyo, Tawa