Nas ba 'yar aiken likita ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ɗan sammin fili a wannan jarida taka mai farin jini in faɗi abinda ya daɗe yana cina a rai, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati, kuma wallahi na gaji da yadda mutanenmu suka ɗauki aikin nan, har ma da wasu daga cikinmu masu yinsa.

Kowa gani yake nas 'yar aike ce. Likita ya rubuta, ita kuma ta ɗauko allura ta tsira, shikenan aikinta ya ƙare. Har masu ilimi haka suke gani, za kaji babban mutum yana cewa ai wance maki ne bai kai mata ba ta samu likitanci shi yasa ta faɗa nasin. Toh bari in faɗa muku, aikin jinya sana'a ce mai zaman kanta, da karatunta da dokarta da lasisinta. Shekara 3 ake yi a makarantar koyon jinya, wadda ta bi ta jami'a kuma shekara 5, in kina son ki ƙara ungozoma a kai ki sake komawa wata 18, kuma duk wannan bai isa ba sai kin ci jarabawar hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, wadda aka kafa da doka tun 1979, ita ce zata baki lasisi, lasisin ma lokaci lokaci sai kin sabunta bayan kin halarci kwas. Jami'ar Ibadan tun 1965 ta fara bada digiri a fannin nan, amma har yau ana mana kallon masu riƙe wa likita tire.

Abinda mutane basu sani ba shine, in likita ya rubuta magani na ga adadin yayi yawa ga yaron da ke kwance, ko na ga marar lafiyar ya taɓa cewa maganin nan baya karɓarsa, ba ni da damar in bayar in ce ai likita ne ya rubuta. Dole in tsaya in kira shi in tambaya, in ya ƙi gyarawa in kai sama. Ranar da abu ya ɓaci sunana ne a jikin folda, sa hannuna ne, lasisina za a ƙwace, ga kuma tambayar da Allah zai min. Likita yazo zagaye da safe ya duba mutum na minti biyar ko goma ya wuce don shima layi na jiransa, ba laifinsa bane, amma sauran awannin nan duka waye a kan marar lafiya? Wa zai lura numfashin tsoho ya canja ƙarfe uku na dare, ko mai jego ta fara zubar da jini fiye da ƙima, ko mai ciki tana cewa kanta na sarawa idonta na ganin dishi dishi, BP ya hau, alamar jijjiga na tafe? Wannan lurar ita ce aikin, kuma ba a rubuta ta a kati, ilimi ne da ido da kuma tsoron Allah.

Mu da muke nan ma bai kamata a ce sai an mana dogon bayani ba. Duk 12 ga watan Mayu ana bikin ranar ma'aikatan jinya saboda ranar aka haifi Florence Nightingale a 1820, ba mu ƙi ba, ta yi aiki. Amma tun kafin ita da shekaru fiye da dubu akwai Rufaida Al-Aslamiyya a Madina, tana da tanti a masallaci inda take jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma lokacin da kibiya ta samu Sa'ad bin Mu'azu a yaƙin Khandaƙ wajenta Annabi (SAW) yace a kai shi. Amma yau sai kaji uba ya hana 'yarsa karatun jinya wai aikin kwana ne ba na 'yar mutunci ba, shi ɗin dai in matarsa ta tashi haihuwa shine zai tsaya bakin ƙofa yana rantsuwa namiji ba zai taɓa ta ba. Toh daga ina macen zata fito, daga sama?

Yanzu bari in juyo kanmu, don in ban faɗa ba ban yi adalci ba. Abinda mata suke faɗa a kan ɗakin haihuwa ba duka bane ƙarya. Akwai tsawa, akwai baƙar magana, akwai wannan mummunar kalmar da ake yaɓa wa mace tana tsakiyar naƙuda wai lokacin da kike jin daɗinki da mu aka yi, subhanallah. Akwai wadda zata ga baƙauyiya ta shigo ba ta jin turanci ta dinga mata kallon banza, amma in matar wani babba ce jiki na rawa. Akwai masu fita da sirrin marar lafiya, kafin mace ta koma gida unguwa ta san cutar da ke damunta, wasu ma har hoto suke ɗauka a saka a status. Na san uzurin da za a kawo don nima ina cikinsa, mutum ɗaya ko biyu a kan wod guda cike da gadaje, ba wuta sai fitilar waya, safar hannu ma sai an rubuta wa 'yan uwan marar lafiya su siyo, ka kwana tsaye ka fito ba kuɗin mota. Duk gaskiya ne. Sai dai matar nan da ke kan gado ba ita ta hana ɗaukar ma'aikata ba, ba ita ta riƙe mana alawus ba. Kuma duk macen da aka wulaƙanta sau ɗaya, cikin gaba a gida zata haihu, ta kuma hana ƙanwarta da kishiyarta zuwa, daga nan sai a kawo mana su jini ya riga ya ƙare.

Sai kuma masu ɓata mana suna daga waje. Yarinya ta yi wata shida a wani asibitin kuɗi tana kallon yadda ake allura, an ɗinka mata farin yunifom, ta dawo unguwa ta zama nas, tana saka ƙarin ruwa a ɗaki tana karɓar haihuwa, wai ita ogzilari, wato mai taimaka wa nas. Hukuma bata san da wannan matsayin ba, ba rajista ba lasisi. In ta tsira wa yaro allura a inda bai dace ba ƙafa ta shanye, cewa za a yi nas ce ta yi. Masu asibitocin da ke ɗaukarsu don gudun biyan albashin ƙwararru sun fi su laifi a wajena.

Gwamnati kuma abin nata sai addu'a. Shugaban hukumarmu na lokacin da kansa ya faɗa a farkon 2024 cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 suka bar ƙasar nan cikin shekara 3, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai, suna ta tafiya Ingila da Amurka da Saudiyya. Maimakon a tambayi me ke korarsu sai aka fito da sharaɗin sai ka yi aikin shekara 2 kafin a tantance maka takardun fita, har sai da nas nas suka yi zanga zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen watan Yulin 2025 ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya ta shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus ɗin dutin dare da na yunifom da ƙarin ma'aikata da kuma a bamu sashenmu a ma'aikatar lafiya ta tarayya, aka yi zama aka janye bayan 'yan kwanaki. Ni dai yajin aiki baya min daɗi ko kaɗan don na san talaka ne ke kwana a ciki, amma ace sai an rufe wod kafin a saurare ka, wannan ma ai raini ne.

Roƙona ga masu karatu, in an kwantar muku da wani ku tambayi sunan nas ɗin da ke duti, in wata tazo gida zata saka muku ruwa ku ce ta nuna lasisi, ba rashin kunya bane haƙƙinku ne. Wadda ta zage ku kuma kar ku tafi da abin a ciki kuna Allah ya isa, ku nemi ofishin matiron, wato shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, ku kai ƙara, da yawanmu zamu tsaya muku shaida.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Katsina